Mijin Tace a Adabin Hausa: Nazari a Kan Dariyar da Ke Toshe Bakin Wanda Aka Cuta

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali ne daga wani abu da na gani a Parakou, a arewacin Jamhuriyar Benin, lokacin da na je tattara kalmomin Hausar mazauna zango. Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a teburin wani mai shayi, an kunna fim ɗin barkwanci irin na Kano. A cikin fim ɗin wata mata ta biyo mijinta da muciya, ya fito a guje ba hula ba takalmi, ya faɗa cikin kwata. Duk wanda ke wurin ya yi dariya, har da ni. Da aka watse, wani magidanci da muka saba gaisawa ya taka mini zuwa masauki. A hanya ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mini tabon ƙuna a ƙwaurinsa, ya ce, "Malam, duk unguwar nan sun san salansar babur ce ta ƙona ni. Wallahi ruwan zafi ne, kuma a ɗakina aka zuba mini." Shi ma ya yi dariya a wurin mai shayin, domin na ji muryarsa.

Manufar takardar ita ce ta duba gurbin da adabin Hausa ya ba namijin da matarsa ke cutarwa, sannan ta auna yadda wannan gurbi yake shafar ikonsa na neman taimako. Za a dubi kalmomi da karin magana, da wasannin kwaikwayo biyu, da ƙagaggen labari ɗaya, da kuma fim ɗin barkwanci. Daga nan sai a koma zangunan Parakou da Djougou a ga abin da hoton ke haifarwa a zahiri.

Ya kamata a faɗi wani abu tun daga farko. Mata su ne suka fi shan duka a gidan aure, kuma su suka fi mutuwa ta dalilinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i. Ba gasa ake yi da wannan gaskiya ba. Abin da ake nema shi ne a ga wani lungu da adabinmu ya rufe da dariya.

2.0 Abin da Harshe Ya Tanada

Ɗalibin nahawu ya san cewa idan aka haɗa sunan aiki da wani suna ta hanyar mahaɗin -n, suna na biyu yana iya zama aikau, yana kuma iya zama karɓau. "Kiran malam" na iya nufin kiran da malam ya yi, ko kiran da aka yi wa malam. To amma a lura da waɗannan guda biyu: "dukan mata" da "dukan miji". Na sha gwada su a aji. Idan na ce "dukan mata", ɗalibai sukan fahimci matan ne aka doka. Idan na ce "dukan miji", sai su fahimci mijin ne ya yi dukan. Wato ginin jimlar ɗaya ne, amma kunnen Bahaushe ya riga ya raba aiki: mace karɓau, namiji aikau. Nahawu ya bar ƙofa biyu a buɗe, al'ada ta rufe ɗaya.

Haka kuma sunayen da aka tanadar wa irin wannan namiji duk na zambo ne. Akwai "mijin tace", wanda sai abin da matarsa ta ce. Akwai "mijin Hajiya", wanda ke zaune a inuwar dukiyar matarsa. Akwai solobiyo, da lusari, da sakarai. Babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗora laifi a kan wadda ta yi cutar; duk kansa suke komawa. Macen da ke cikin irin wannan hali kuwa ana cewa "baiwar Allah tana zaman haƙuri", ko "an zalunce ta". Ita ta samu kalmomin tausayi, ko da sau da yawa tausayin bai wuce baki ba. Shi ko wannan bai samu ba.

Karin magana ma ta bi sahu. Ana cewa namiji barkono ne, sai an tauna za a san yajinsa. Wanda aka tauna ba a ji yaji ba, ya fita daga sahun maza ke nan. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato mutumin kirki yakan haɗiye sirrinsa. Ana cewa tsakanin miji da mata sai Allah, kuma harshe da haƙori ma sukan saɓa. Waɗannan na ƙarshe suna danne mace da namiji baki ɗaya, amma mace tana da wata mafita da al'ada ta amince da ita, wato yaji. Ta tattara kayanta ta tafi gidansu, iyaye su ji ba'asi, miji ya zo biko, a yi masa faɗa, a kafa sharaɗi. Yaji wata kotu ce ta cikin dangi. Namiji ba ya yaji. Idan ya kwana a shago ko a zauren abokinsa, ba wanda zai zo bikonsa, ba kuma wanda zai zaunar da matarsa ya tambaye ta abin da ta yi masa.

3.0 Siffofi Uku a Rubutaccen Adabi da Fim

Idan aka bi ayyukan da muke karantarwa, za a ga namijin da ya sha wuya a hannun matarsa yana fitowa ne da ɗaya daga cikin siffofi uku.

3.1 Wanda Alhaki Ya Kama

A wasan Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, wanda ya fito a 1960, Jatau mai wadata ne da ya auri Kyallu, mace mai zaman kanta, ya ƙi jin shawara, har auren ya ci dukiyarsa da zaman lafiyar gidansa. Shekaru talatin bayan haka, a 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. A nan ma Alhaji Abdu ya wulaƙanta uwargidansa Rabi da 'ya'yanta saboda Delu, sannan Delu ta ci amanarsa, dukiya ta tafi, ya dawo abin tausayi. Marubutan biyu sun bambanta a zamani da jinsi da manufa, amma zubin labarin ɗaya ne: wuyar da namiji ya sha a hannun mace sakayya ce ta wani laifi da ya aikata tun farko. Sunan littafin Balaraba kansa ya faɗi haka.

Ba a ce waɗannan ayyuka sun yi kuskure ba. Balaraba ta rubuta littafinta ne don ta nuna halin da irin su Rabi ke ciki, kuma ta yi nasara. Matsalar tana ga abin da mai karatu ke ɗauka idan wannan zubi ya yi ta maimaituwa. Yakan koyi cewa duk namijin da aka ga mace na gasa masa aya a hannu, to a bincika, akwai wadda ya zalunta a baya. Tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Me ka yi mata?" Wannan ita ce tambayar da masu kare haƙƙin mata suka daɗe suna yaƙi da ita idan an yi wa macen da aka doka, kuma suna da gaskiya.

Yana da amfani a ajiye Uwar Gulma na Mohammed Sada kusa da waɗannan. A can Hayatu ne ke gallaza wa matarsa Halima, kuma wasan ya bi ta daga ɗakinta zuwa gaban iyaye har zuwa gaban alƙali. Ko da hanyar tana da ƙaya, mai kallo ya ga cewa akwai hanya, ya kuma ga matakanta. A cikin littattafan da ke manhajarmu ban ci karo da wanda ya zana wa namijin da aka cuta irin wannan hanya ba.

3.2 Wanda Aka Shanye

Siffa ta biyu ta fi yawa a littattafan soyayya na Kano da fina-finan iyali. Miji ya zama bawan matarsa, yana wanke-wanke, ya daina gaida mahaifiyarsa, ana zaginsa yana sunkuyar da kai. Bayanin da labari ke bayarwa kusan kullum ɗaya ne: an kai sunansa wurin boka, an shanye shi, an mallake shi. Warwarar jigon kuma ita ce a tono layar da aka binne, ko a yi masa addu'a, ya farka kamar daga barci, ya yi saki.

Wannan siffa tana da wani alheri, domin ta cire masa laifi. Amma ta cire masa hankali tare da laifin. Abin da take koyarwa shi ne namiji mai cikakken hankali ba zai taɓa zama a ƙarƙashin cutar mace ba, sai in ba ya cikin hayyacinsa. Ta haka marubuci ya kuɓuta daga aiki mai wuya, wato nuna yadda mutum lafiyayye ke zama cikin cuta shekara da shekaru saboda tsoro, ko bashi, ko 'ya'ya, ko so. Asiri ya zama gajeriyar hanyar da ke hana a dubi halayyar ɗan Adam. A lura kuma cewa mai ceto a irin waɗannan labarai uwa ce ko 'yar'uwa ko malami. Shi kansa ba ya buɗe baki ya ce a taimake shi.

3.3 Abin Dariya

Siffa ta uku ita ce ta fim ɗin barkwanci, fagen da marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya fi kowa suna a cikinsa. Salon a bayyane yake. Akan zaɓi mace mai jiki da namiji ɗan firit. Makamin kayan girki ne: muciya, ludayi, taɓarya. Akan sa kiɗa mai sauri, miji ya yi kururuwa da siririyar murya, maƙwabta su leƙo ta katanga. Ba a nuna jini, ba a nuna tabo, kuma a fitowa ta gaba ya warke sarai.

Dariyar tana fitowa ne daga juyin matsayi: wanda ake zaton shi ne sama ya koma ƙasa. Wannan ba na Hausawa ba ne su kaɗai. Masaniyar tarihi Natalie Zemon Davis, a littafinta na 1975 kan al'adun Faransa na ƙarnonin baya, ta yi bayanin yadda mutanen gari kan ɗora mijin da matarsa ta doka a kan jaki, fuskarsa na kallon wutsiya, a zagaya da shi ana kaɗa tukwane. Abin lura shi ne wanda aka doka shi ake hukuntawa, saboda ya bar tsarin gari ya kife a gidansa. Fim ɗin barkwanci jakinmu ne na zamani. Ba ya kiran sunan kowa, amma duk wanda ke zaune a benci da tabo a ƙarƙashin wando ya san wa ake zagayawa da shi.

Gwaji mai sauƙi ga ɗalibi shi ne ya juya fitowar. A sa namiji mai jiki ya biyo 'yar siririyar mace da taɓarya, da kiɗan nan, da leƙen maƙwabtan nan. Yawancin masu kallo a yau ba za su yi dariya ba. Aikin ɗaya ne, makamin ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne wanda muka yarda yana jin zafi.

4.0 Daga Allo Zuwa Zango

Hausawan Parakou da Djougou ba baƙin jiya ba ne. Garuruwan suna kan tsohuwar hanyar fataken goro da ta tashi daga Kano ta ratsa Borgu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, hanyar da Paul Lovejoy ya yi wa littafi a 1980. Duk da haka su tsiraru ne a tsakanin Bariba da Dandawa da Yom da Fulani, kuma Dandanci ne harshen kasuwa a wurare da dama, Faransanci kuma harshen ofis. Wannan matsayi yana ƙara wa shingayen da ke gaban namijin da aka cuta tsawo. Za a kawo huɗu.

Na farko, ƙanƙantar al'umma. A zango kowa ya san kowa, kuma mutunci shi ne jari. Wanda aka sa wa suna mijin tace, maganarsa ta rage nauyi a majalisa da wurin cinikin bashi da wurin neman aure ga 'ya'yansa. Labari kuma ba ya tsayawa a gari ɗaya, domin direbobi da 'yan kasuwa suna kai da kawowa tsakanin Djougou da Parakou da Malanville da Gaya har cikin Nijeriya. Rufin asiri a nan ba kunya ba ce kawai, lissafin abinci ne.

Na biyu, amsar nan ta "sake ta mana". Tun da saki yana hannun namiji, ana ganin wanda ya zauna shi ya so. Magidancin da na ambata ya kai kukansa ga wansa. Ya ce masa, "Yaya, abin nan fa ya wuce wasa." Wan ya yi dariya, sannan ya ce ya yi shiru kada a ji. Matar 'yar kawunsu ce, auren zumunci ne, saki zai raba gida biyu da suka haɗa kaka. Jarin shagonsa daga hannun mahaifinta ya fito. Ga 'ya'ya ƙanana. Igiyar aure tana hannunsa, amma sauran igiyoyin duk a wuyansa suke. Waɗannan dalilai su ne dai waɗanda ke riƙe mace a gidan da ake dukanta, kuma adabinmu ya iya zana su idan mace ce.

Na uku, sunan da ke rubuce a ƙofar hukuma. Dokar da Benin ta kafa a Janairu 2012 kan rigakafi da hukunta cin zarafi, sunanta ya ambaci mata ƙarara. A 2021 an sake fasalin cibiyar ƙasa ta kula da al'amuran mata, aka ba ta ikon shigar da ƙara a madadinsu. Waɗannan matakai ne da suka dace da girman matsalar mata. Kundin hukunta laifuffuka na 2018 kuma ya haramta duka da raunata mutum ko wane ne shi, don haka namiji yana da haƙƙin kai ƙara. Sai dai tallan rediyo da allunan bakin titi da taron wayar da kai duk da mace suke magana. A Nijeriya dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta yi amfani da kalmar "mutum" ba tare da ware jinsi ba, amma ko a can hoton da ke zukatan jama'a bai bi rubutun doka ba.

Na huɗu, harshe. Wanda bai yi makarantar boko ba, idan ya je ofishin 'yan sanda, yana bukatar tafinta. Ke nan kafin maganarsa ta kai kunnen jami'i sai ta bi ta bakin wani ɗan unguwa. Abin da ya kasa gaya wa wansa sau biyu, yaya zai faɗe shi a gaban mutum uku, ɗaya daga cikinsu maƙwabcinsa?

Saura liman da sarkin zango, waɗanda su ne matakin farko na sulhu. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan an ji tsoron ɓaraka, kuma ba ta ware wanda zai kawo kuka ba. Hanyar tana nan. Abin da ya rage shi ne mai sauraro ya riƙe fuskarsa idan namiji ne ya zo.

5.0 Sai An Ga Gawa

Akwai wuri ɗaya da dariya ke ɗaukewa, shi ne shafin jarida bayan an yi kisa. A Nuwamba 2017 aka kashe Bilyaminu Bello a gidansa a Abuja, kuma a Janairu 2020 babbar kotun birnin ta sami matarsa Maryam Sanda da laifin. A lokacin shari'ar wani abokinsa ya shaida cewa ya shiga tsakaninsu sau da yawa a wannan daren. Bayan wannan lamari kafafen Hausa sun cika da labaran matan da suka kashe mazajensu, aka kuma koma barkwanci a Facebook kan ɓoye wuƙaƙen girki.

Dole mai nazari ya yi hattara a nan, domin kanun labari yakan haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Yarinyar da aka gurfanar a Jihar Kano a 2014 kan zargin sa wa mijinta guba, 'yar shekara 14 ce da aka aurar, kuma an janye ƙarar a 2015. Labarinta na auren ƙuruciya ne, ba na mijin da aka daɗe ana cuta ba. Zuba su a kwando ɗaya zalunci ne ga ɓangarorin biyu. Abin da ya shafe mu shi ne tsakanin fitowar muciya da kanun labarin kisa akwai fili mai faɗi, na zagi da mari da ƙuna da barazana, wanda adabinmu bai shiga ba.

A wasu ƙasashe an fara shiga filin. Suzanne Steinmetz ta tayar da muhawara a Amurka a ƙarshen shekarun 1970 da maƙalarta kan mazajen da ake duka, kuma an soki alƙalumanta ƙwarai. A Ingila da Wales binciken hukumar ƙididdiga ya sha nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cewa an ci zarafinsu a gida maza ne, ko da yake munanan raunuka da kisa sun fi faɗa wa mata. Ba za a ɗauki wannan adadi a ɗora wa Djougou ba. Darasinsa kawai shi ne inda aka yi tambayar a asirce, ba tare da dariya ba, an samu masu amsawa.

6.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa harshe da adabin Hausa sun ba namijin da matarsa ke cutarwa gurbi uku: mai girbar alhaki, da wanda aka shanye, da abin dariya. A cikin ukun babu inda yake mutum mai hankali, marar laifi, da aka cuta kuma ya cancanci a saurare shi. An kuma ga yadda wannan hoto ke haɗuwa da yanayin zango ya zama shinge. Ba ana kira a daina barkwanci ba ne, ba kuma ana neman a mayar da mata dodanni ba, domin siffa ta biyu ta riga ta yi wannan ɓarnar. Abin da ake nema ga marubuci shi ne siffa ta huɗu, wadda za a zana da irin kulawar da Balaraba ta zana Rabi da ita.

Kafin mu rabu da magidancin nan na tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓe ni ya gaya mini. Ya ce, "Saboda kai baƙo ne, Malam. Jibi za ka tafi."

Aikin ɗalibai: kowa ya zaɓi fim ɗaya ko littafi ɗaya da ke da miji irin wannan. Ya bayyana siffar da aka ba shi cikin ukun nan, da dabarun salon da aka bi wajen gina ta, da wanda labarin ya ba damar yin magana. Sannan ya sake rubuta fitowa ɗaya, shafi biyu, inda mijin zai kai kukansa ga wansa ko ga liman, ba tare da an sa asiri ko muciya a ciki ba.